Gatari Mai Jan Zare

Shafi na 19

Masu cika min waya da "Yangji kin bar mu a tsaye, Yangji ina ci gaba," ku sassauta min, yatsuna ne sanyi ya kama. Ga shi nan.

Wanda ya shigo yau kuma, ga inda muka kwana. Kawu Furba, yayan mahaifiyata Dati, shi ne shugaban ayarin masu hawan Chomolungma, dutsen nan namu da baƙi ke kira Everest. A gaban mutane ya ɗauke ni aiki, don ya rasa yadda zai yi da takardar horon hawa da na zo da ita daga Kathmandu. Sai ya aike ni daga sansaninmu na gindin dutse zuwa ƙasa, Namche, wai in jira tukwanen gas, ya ce min addu'ar puja sai mako na sama. A bakin mai sayar da tutocin addu'a na ji gaskiya: jibi ne. Kun kuwa sani, duk wanda bai zo da ƙafarsa ya ɗora kayan aikinsa a kan bagaden dutse ba kafin lama, malamin addininmu, ya rufe addu'a a watsa garin tsampa na gasasshen sha'ir, to shi da hawa sai baɗi. Babu ɗan ƙabilarmu ta Sherpa ɗaya da zai yarda igiya ta haɗa su.

Na bar musu gas ɗinsu, na kama hanya.

*

Gari bai gama wayewa ba na fito daga ɗakin da na kwana a Thukla, ƙafafuna kamar aron su aka ba ni. Iya Doma mai masaukin tana tsugune tana hura wuta.

"Ke 'yar Dati, ina zuwa da wannan farar safiya?"

"Sansani, Iya."

"Yau?"

"Yanzu."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Jiya da safe kina Namche, da yamma kika faɗo min nan kamar buhun dankali. Yau kuma sansani. Ke jirgi ce?"

"Jirgi yana jiran gajimare ya wuce, Iya. Ni ba na jira."

"Ji bakin 'yan boko. Zauna ki sha shayi, ko in ɓoye takalmanki."

Na san za ta aikata, don haka na zauna. Ta cika min kofi da shayin man shanu, tururi yana dukan fuskata. Ina cikin kurɓa na ga idonta ya tsaya a kan jakata, inda na ɗaure gatarin ƙanƙara.

"Miƙo min wancan."

Na kwance na ba ta. Ta juya shi, ta shafa jan zaren da aka naɗe ƙotarsa da shi, zaren da ya koɗe don tsufa.

"Wa ya ba ki?"

"Na Baba ne. A ƙasan akwatin Ama na same shi, cikin tsohon bargo."

"Na babanki."

"Eh."

"Babanki da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar nan." Ta auna ƙotar da kamun hannunta. "Gajere ne."

"Me kike nufi, Iya?"

"Ni? Tsufa nake nufi. Tsohuwa ba ta rasa surutu." Ta miƙo min shi da hannu biyu. "Uwarki ta san kin ɗauka?"

"Na biya gida Pangboche jiya, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabciya ta ce ta fita da shanu."

"Uhm. Da shanu."

Ta tashi ta zuba min dafaffen dankali mai zafi a aljihun riga, ta ƙara da ƙullin gishiri a tsumma, ta tura ni waje.

"Je ki. In kanki ya fara sarawa ki tsaya, kin ji ko? Kada ki ce min ke jinin tsauni ce. Jinin tsauni da yawa na ga an sauko da su a kwando."

*

Wanda ya taɓa hawan gangaren Thukla ya san abin da nake faɗa. Tudu ne da ba ya ƙarewa, duwatsu birjik, kana ganin kansa yana matsawa gaba. Iska kuma ta yi ƙaranci. Ka buɗe baki ka ja, ka ji kamar da tsinke kake shan kunu.

Amma ku tsaya ku ji, daɗi nake ji!

Zuciyata tana bugawa har a kunnena, gumi yana daskarewa a gashin idona, ni kuwa dariya nake yi ni kaɗai. Shekara huɗu ina zaune a aji a Kathmandu ina shaƙar hayaƙin babura, ana ce min na zama 'yar birni, huhuna ya lalace. To ga huhun nan, yana aiki.

Da na kai kan tudun, rana ta taɓa kawunan duwatsu, suka yi ja kamar garwashi. A nan ne filin tarin duwatsun tunawa da waɗanda dutse ya riƙe. Na Baba yana can gefe, ƙarami, tutocinsa sun yage. Ina shekara goma sha ɗaya ƙanƙara ta rufe shi, ba a dawo mana da ko hularsa ba.

Na zagaya tarin ina barin sa a damana, na ɗora ƙaramin dutse a kai.

"Baba, sauri nake. Surukinka ya yi min wayo. In na dawo zan ba ka labari, da sabbin tutoci."

Ban yi kuka ba. A wannan sanyin hawaye asara ne.

A Lobuche na tarar da ayarin baƙi sun fito, kowa da sanduna biyu, suna jan ƙafa kamar masu rakiyar gawa. Mai yi musu jagora ya gane ni.

"A'a, 'yar'uwar Furba! An ce kina Namche kina gadin gas!"

"Gas ɗin ya ce in gaishe ka!"

"Sannu a hankali, ke! Dutsen ba guduwa zai yi ba!"

"Dutsen ba zai gudu ba, lama ne zai tashi!"

Wata baturiya ta ɗaga min babban yatsa. Na ɗaga mata nawa na wuce.

Bayan Lobuche ne kaina ya fara sarawa. Da farko kamar an ɗaura min ɗankwali an matse. Can sai ya koma kamar maƙeri ya buɗe shago a bayan idona. Na tsaya a bayan wani dutse, shayin Iya Doma ya dawo gaba ɗaya. Na goge bakina, na yi tafiya a kan layi ɗaya, diddige a gaban yatsa, yadda aka koya mana gwada ko ciwon tsauni ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ban yi tangaɗi ba. Na kira sunan ƙauyukan hanya daga ƙasa zuwa sama, ban tsallake ko ɗaya ba.

"To kai, ka yi ta sarawa," na ce. "Tare za mu je."

Na ci dankali ɗaya, na sha ruwa, na miƙe.

*

Kafin Gorak Shep akwai inda hanya take matsewa a kan tarkacen duwatsu. Dama rami ne har ƙasan kogin ƙanƙara, hagu bango. A nan na jiyo ƙararrawa.

Shanun yak. Sun cika hanyar maƙil, babu kaya a bayansu, kuma ba tafiya suke ba. A tsaye suke suna tuƙa, tururi yana fita daga hancinsu. A saman wani dutse kuma, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ga Gyaljen ɗan Kawu Furba yana cin biskit.

Na manne da bango, don ba a tsaya wa yak ta gefen rami.

"Gyaljen! Kora su!"

"A'a, wa nake gani? Hajiyar Kathmandu! Ina gas?"

"Kora su na ce!"

"Sun gaji."

"Saukowa suke, babu kaya. Gajiyar me?"

"Tunani ya yi musu yawa. Kin san yak da zurfin ciki."

"Zan jefe ka da dutse."

"Ki jefa. Da wannan numfashin naki ko ƙafata ba zai kai ba. Dubi leɓenki, ya yi shuɗi kamar kin sha tawada. Zauna ki huta, 'yar makaranta, ga biskit."

Na dube shi da kyau. Gyaljen bai iya ƙarya ba tun muna yara, kunnensa ne yake tona shi. Ga shi nan ya yi ja har wuya.

"Kawu ne ya ajiye ka a nan."

"Wa? Ni?"

"Mai jagoran baƙi ya kira shi ya ce ya gan ni."

Ya sunkuyar da kai yana karkaɗe garin biskit daga rigarsa.

"Ya ce in riƙe ki har hayaƙi ya mutu. Yangji, ki fahimce ni, ubana ne. In na bar ki kika wuce, bana ko wutsiyar yak ba zan ƙara riƙewa ba."

"An fara?"

Ya kau da kai wajen shanun.

"Gyaljen. An fara?"

"Tun da rana ta fito aka kunna wuta."

Na dubi shanun. Babu ta sama, babu ta ƙasa. Sai idona ya faɗa kan ta gaba, mai farin goshi, mai jan tuntu a kunne, mai babbar ƙararrawa.

Karmo!

Saniyar Ama ce. Ni na shayar da ita da kwalba lokacin da uwarta ta mutu. Ban tsaya tambayar abin da ya kawo shanun Ama nan ba. Na zura hannu a aljihu na kwance ƙullin Iya Doma, na zuba gishiri a tafina, na yi fito irin na Ama, dogo ɗaya, gajeru biyu.

Kunnen Karmo ya miƙe.

"Ke, ke, me kike yi?" Gyaljen ya miƙe tsaye.

"Zo, 'yar gidana. Zo, uwar garke."

Ta taho tana huci, ta sa harshenta mai kaushi ta lashe tafin. Na kama igiyar wuyanta, na raɓa ta gefen bango, na ja kanta a hankali ina nuna mata sauran gishirin. Ta juya. Duk wanda ya yi kiwo ya san sauran: inda ta gaba ta sa kai, nan garke yake bi. Ɗaya bayan ɗaya suka fara juyawa, ƙararrawa ta kaure, na ratsa ta tsakaninsu ina dafa gashinsu mai ɗumi, har na fita ta gaba.

Na waiga. Garken gaba ɗaya ya biyo ni, sun fuskanci sama.

"Yangji! Ƙasa zan kai su! Ki dawo min da shanu!"

"Ka ce wa Kawu tunani ne ya yi musu yawa!"

"Na shiga uku! Ke wace irin mutum ce? Tsaya, akwai abin da ba ki sani ba! Ba ubana kaɗai ba ne a can!"

Ban tsaya ba. Ƙararrawa ta cinye sauran maganarsa.

*

Ban san yadda zan kwatanta muku zangon ƙarshe ba. Na ratsa farin rairayin Gorak Shep, ni a gaba, shanu a baya, Gyaljen a can ƙarshe yana zagin kakannin kowace saniya da sunanta. Baƙi suka fito daga masauki suna ɗaukar mu hoto.

Daga nan hanya ta hau kan doron tarkace. Taku kaɗan, tsayawa. Taku kaɗan, tsayawa. Ƙirjina kamar an ɗora min dutsen niƙa. Sau biyu gwiwata ta kai ƙasa. Na biyun Karmo ce ta sa goshi ta tunkuɗe ni ta baya, gishiri take nema, amma na karɓa a matsayin taimako.

Sai na hango su. Tantuna rawaya barbaje a kan ƙanƙara, bayansu kuma gangaren ƙanƙarar nan mai haƙora, wanda ya riƙe Baba, yana ƙyalli kamar an fasa madubai.

Daga tsakiyar tantunanmu farin hayaƙi yana miƙewa sama.

Bai mutu ba!

Na yi ihu. Ban san na yi ba sai da na ji amsarsa daga duwatsu. Na jefar da jakata a gefen hanya, na zare gatarin kaɗai, na ruga. Gudun ba na kirki ba ne, irin na ɗan maraƙin da aka haifa yau, amma gudu ne. Ina jin ganga, ina jin kuge, ina jin ƙamshin ganyen da ake ƙonawa. An riga an tsayar da sandar tsakiya, tutoci masu launi biyar sun miƙe ta kowace kusurwa suna kaɗawa.

Saura tanti biyu in kai, mutum ya sha gabana.

Kawu Furba. Ya buɗe hannuwansa biyu kamar mai tare akuya.

"Ina za ki?"

"Ina kwana, Kawu." Da ƙyar maganar ta fito. "Gas ɗin... bai zo ba."

"Koma."

"Mako na sama... ya zo da wuri."

"Yangji, kada ki sa in ɗaga murya a ranar addu'a. Ki shiga tantin girki ki sha ruwan zafi. Dubi yadda kike rawa."

"Ka yi min ƙarya."

"Na yi."

Ban zaci zai amsa haka ba. Na tsaya ina haki.

"A gaban mutane ka ce na cancanta."

"Kin cancanta. Kin fi rabin waɗancan ƙattin iya ƙulla igiya, na gani da idona."

"To me ya sa?"

Ya waiga wajen taron, ya rage murya.

"Uwarki ce ta sa ni rantsuwa. A gaban fitilar gidanku ta sa na dafa kaina."

"Ta sa ka rantse za ka yaudare ni?"

"Ta sa na rantse ƙafarki ba za ta taɓa waccan ƙanƙarar ba." Ya nuna da haɓa. Idonsa ya kaɗa. "Ke yarinya ce a lokacin. Ni na sauka Pangboche da labarin babanki. Ni na tsaya a ƙofar ƙanwata, ta fito da ludayi a hannu tana murmushi, tana tambayata ko ya biyo ni a baya. Ba zan ƙara tsayawa a wannan ƙofar ba, Yangji. Ki tsane ni in kin so."

Zuciyata ta yi nauyi, ba zan ɓoye muku ba. Kawu ne ya biya min makaranta. Shi ya saya min takalmin hawa na farko, yana ce wa Ama na yawo ne.

Amma gangar ta canza kiɗa. Na san wannan kiɗan. Ana raba gari.

"Ban tsane ka ba, Kawu. Ka cika rantsuwarka, ka yi iyakar yinka, har shanu ka sa. Ni ban rantse wa kowa ba."

Na raɓa ta gefensa. Ya kai hannu zai kama ni.

"A gaban bagade, Kawu? Lama yana kallo. Ka ja ni, in yi ihu, a ce shugaban ayari ya kawo faɗa wurin addu'a. Wa zai hau bayan haka?"

Hannun ya tsaya a iska.

Na wuce.

Mutane suka dare. Na ji ana raɗa: "'Yar Dati ce." "Daga Namche?" "Ƙarya ne!" "Dubi shanu a bayanta!" Wani ya fashe da dariya, wani ya buga min kafaɗa. Ga bagaden, an jingina masa gatura da igiyoyi da ƙarafan takalmi, kowanne an shafa masa ɗan man shanu. Lama yana zaune a kan tabarma cikin jan mayafi, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, bakinsa bai daina karatu ba.

Na durƙusa. Na jingina gatarin a tsakiyar na maza. Jan zarensa ya fita daban.

Lama ya laƙato man shanu da yatsa ya shafa a kansa.

Jama'a, na iso! Na iso!

Mai girki ya zuba min garin tsampa a tafin dama. Duka muka miƙe, muka fuskanci dutse. Sau uku ake ɗaga hannu, a na ukun a watsa, shi ke nan an rufe, ba mai iya cire ni.

Lama ya ja murya, muka ɗaga hannu tare.

Ɗaya.

Hawayen da na hana a Thukla suka zubo, ban damu ba.

Muka sauke, muka sake ɗagawa.

Biyu.

Sai wani hannu ya fito daga cikin hayaƙi, ta bayan bagaden. Hannun mace, mai munduwar azurfa da na sani tun ina goye. Ya kama gatarin, ya ɗauke shi daga cikin sauran.

Ganga ta tsaya.

Ta zagayo a hankali, da zanenta na gaba mai ratsi-ratsi, da toka a goshi alamar tun safe ita take kula da wutar. Matar da ta yi shekara goma sha biyu ko kallon wannan kwarin ba ta yi.

"Ama..."

Ba ta dube ni ba. Gatarin take kallo, babban yatsanta yana bin zaren.

"Ama, don girman wannan wuri ki mayar. Na Baba ne. Ki bar ni in kai masa shi sama."

"Babanki bai taɓa riƙe wannan gatarin ba."

Na waiga wajen Kawu. Ya sunkuyar da kai. Tsofaffin ayarin ma duk ƙasa suke kallo.

"Da hannuna na naɗa zaren nan," in ji Ama. "A wannan sansanin. An shafa masa mai kamar yau, an watsa gari, saura kwana in hau. Sai na gane kina cikina."

Ta ɗago ido ta dube ni.

"Nawa ne, Yangji."

Garin yana zuba ta tsakanin yatsuna. Bagade yana gabanta, taku ɗaya. Gatarin yana hannunta.

Lama ya ja numfashi, ya fara ɗaga hannu karo na uku.